Taku Bakwai Tsakanin Inna da Gwaggo

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni budurwa ce 'yar shekara ashirin da huɗu, ban daɗe da gama karatun jami'a a harabar Kongo ta nan Zariya ba, na kuma samu aiki a wani ofishin gwamnati da ke wajen ganuwa. Mutane suna yabona da sanyin hali, kuma gaskiya ne ban iya hayaniya ba, sai dai ba su san rabin hankalina ba ya zama tare da su ba. Nakan zauna gaban tafireta, takarda tana jirana, ni kuwa na tafi kallon yadda hasken taga ya kwanta a jikin bango. Ina da wani littafi mai baƙin bango da nake rubuta 'yan baitoci a ciki, yawancinsu a kan faɗuwar rana, ban taɓa nuna wa kowa ba. Mahaifina ya rasu ina shekara ta biyu a Kongo, yayana yana aiki a Kaduna, saboda haka daga ni sai mahaifiyata, wadda muke kira Inna, a tsohon gidanmu na ƙasa cikin birnin Zariya. Yau ina ɗakin mijina da 'ya'ya biyu, amma abin bai sake ni ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ba zan kama sunan kowa ba, don mai laifin ɗaya ce, kuma ita ce take wannan rubutu.

Gidanmu da gidan da ke bayanmu katanga ɗaya suka haɗa, amma zaurukansu ba su san juna ba. Namu yana kallon gabas, nasu yana buɗewa a wani lungu can yamma. Mai zuwa ta waje sai ya bi ta gaban masallaci, ya ratsa bakin kududdufi, ya shiga lunguna uku da mota ba ta shiga. A jikin katangar kuwa akwai wata 'yar ƙofa da kakanninmu suka bari saboda mata, sai an sunkuya ake wucewa, ba ta da ƙyaure sai tsohon asabari. A bayanta akwai wata tsohuwa da muke kira Gwaggo, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Shekara ɗaya aka kawo su aure ita da Inna, ta riga Inna da wata biyu, don haka har tsufa amarya take kiranta. Inna kuma tana ce mata sarkin aro. Inna takan ce daga tabarmarta zuwa ta Gwaggo taku bakwai ne, ta ƙirga tun ƙafarta tana da ƙarfi. Kullum bayan la'asar asabarin zai motsa, Gwaggo ta sunkuyo da kwandon ɗinkin hula. Idon Inna ya yi rauni, Gwaggo ke saka mata zare a allura. Kunnen Gwaggo ya yi nauyi, Inna ke maimaita mata abin da rediyo ya faɗa, har da ƙari. Suna da wani alkawari da kowa ya sani a gidajen biyu: duk wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta yi mata wanka. Har wasa suke da shi. Gwaggo takan gargaɗi Inna kada ta kuskura ta sa mata ruwan sanyi, Inna ta ce ai ranar za ta dirje ta sosai, ta fanshe gishirinta na shekara talatin.

Ni kuwa abin da ke raina dutsen Kufena ne. Ina ƙarama Baba yakan kai ni kan ganuwa da yamma, ya nuna mini dutsen, ya ce in duba yadda rana take sauka a kafaɗarsa kamar matafiyin da ya samu masauki. Da na je Kongo aka ba ni ɗaki a bene, na saba tsayawa a baranda ina kallon gari har a kira magariba. Da na dawo gida sai tsakar gidanmu ta yi mini kaɗan. Ko'ina katanga, sama kuwa ɗan yanki kamar an gutsuro shi da wuƙa. Na fara mafarkin wani wuri a sama, a kusurwar yamma: daɓen katako a kan ginshiƙai, rumfa a kai, kujeru biyu, tukwanen fure, iska tana shiga ta ko'ina, Kufena a gabana. A ƙarƙashi kuma a yi daɓen siminti da dakali inda su Inna za su riƙa zama a inuwa. Na rubuta wa yayana wasiƙa na ce don Inna nake so a yi, ta riƙa hawa shan iska da bazara. Ya amsa da sa albarka. Gwiwoyin Inna ko dakalin zaure ba sa hawa sai an riƙe ta. Shi yana nesa ya manta, ni kuwa mantawar na zaɓa.

Akwai wani dattijon magini da yake mana yaɓe duk shekara kafin damina, kamar yadda ubansa ya yi wa kakana. Shi Inna ta ce in fara kira. Ya zo ya saurare ni har na gama, yana shafa gemu. Sannan ya jingina tsaninsa a kusurwar, kafin ya ɗora ƙafa ya ɗaga murya sau uku yana cewa matan maƙwabta su kimtsa, namiji zai hau sama. Bai motsa ba sai da aka amsa daga bayan katanga. Tun ina yarinya nake jin wannan kira, ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba, na ɗauke shi kamar carar zakara. Ya hau iya inda na ce daɓen zai tsaya, bai ko juya kansa sosai ba ya sauko. Ya ce zai yi mini, amma gefen yamma sai ya ja bango ya wuce kan mutum, ya bar ƙananan tagogi can sama don iska. Na ce masa ai yammar ce dalilin ginin gaba ɗaya. Ya yi murmushi ya kira ni 'yarsa, ya ce kafin idona ya isa Kufena sai ya bi ta kan gidan mutane, ido kuwa ba jaki ba ne balle a ɗaure shi a turke. Ya ce hannunsa bai taɓa gina wurin da za a tsaya a ga tsakar gidan wani ba, ba kuma da tsufansa zai fara ba. Na ba shi goro, na raka shi zaure cikin ladabi, a zuciyata ina cewa tsofaffi ba su san daɗin kallo ba.

Wata abokiyar aikina ce ta haɗa ni da ɗan kwangilar. Matashi ne mai fara'a, yana gina wa manyan ma'aikata gidaje a sababbin unguwanni, inda kowane gida yake tsaye shi kaɗai a tsakiyar filinsa. Ya ajiye motarsa a bakin titi ya shigo lungunmu yana tattare ƙafar wando, ɗauke da mujallu masu hotunan gidajen ƙasashen waje. Duk abin da na faɗa sai ya ce an gama Hajiya, ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba. Da na ambaci bangon da magini ya ce, ya yi dariya ya ce wa zai sayi madubi ya kife shi, ƙarfe mai ado zai sa mini wanda ko tsuntsu ba zai tare ba. Ban ce mugu ne ba. Ya san aikinsa, birni ne bai sani ba, ni da na san birni kuwa ban gaya masa komai ba. Bai tambayi su wa ke bayan katangar ba, kuma na ji daɗi da bai tambaya ba.

Aka shigo da siminti da rodi da katako a baro, aka haƙa ramukan ginshiƙai. Ranar da leburori suka fara hawa sama babu wanda ya yi kira. Ina ɗaki na ji faɗuwar bokiti daga gidan su Gwaggo, da gudun ƙafafu, da muryar mace tana salati. Da la'asar Gwaggo ta sunkuyo kamar kullum, ta tsaya tana kallon ginshiƙan, ta tambayi Inna ko 'yar bokonta ladanci za ta fara ake gina mata hasumiya. Ta ce in haka ne a riƙa sanar da su lokacin kiran salla don su shige ɗaki da wuri. Muka yi dariya har da ni. Sai yanzu na gane iyakar abin da za ta iya faɗa ke nan, don ita ta yanke mini cibiya, ba za ta buɗe baki ta hana ni abin da raina yake so ba. Bayan ta tafi Inna ta tambaye ni a hankali ko na aika an gaya wa Malam, wato babban ɗan Gwaggo, wanda shi ne maigida tun rasuwar ubansa, yana zaune da matarsa da 'ya'yansa mata uku. Na ce ai a filinmu muke gini, ko taku ɗaya ba mu shiga nasu ba. Ta ce to, ta ci gaba da laluben allurarta.

Ranar da aka gama, na jira ma'aikata suka watse, na cire takalmi na hau. Edita, ba zan ɓoye ba, abin ya fi mafarkina kyau. Katakon yana riƙe da ɗumin rana a tafin ƙafata. Birni duka ya shimfiɗu, rufin soraye, kawunan rimi da dabino, hayaƙin girkin yamma yana tashi siriri daga gida gida. Can ƙarshe ga Kufena ya yi shuɗi-shuɗi, rana tana sauka a kafaɗarsa daidai inda Baba ya nuna mini. Balbelu suna komawa makwanci a jere, farinsu ya rikiɗe ya zama ruwan zinariya. Na ji kamar Baba yana tsaye a gefena. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba kafin idona ya gaji da nesa ya sauko kusa. Sai ga tsakar gidan su Gwaggo a ƙarƙashina kamar abinci a faranti, murhu, randuna, igiyar shanya, ƙofar banɗaki. Gwaggo tana zaune bakin ɗakinta, ta cire ɗankwali tana shafa man kaɗanya a kai. Tun da aka haife ni nake ganin matar nan kullum, ban taɓa ganin gashinta ba. Fari ne fat, ɗan kaɗan, kamar audugar rimi. Ta ɗago, idonmu ya haɗu. Ta lalubi ɗankwalin ba ta same shi ba, sai ta ɗauki faifai ta kife a kanta. Na yi mata murmushi har da ɗaga hannu. Na gaya wa kaina ai ni mace ce, kuma 'yar gida, babu komai.

Na yi kwana goma ina hawa ina rubuta baitoci. Na lura tsakar gidansu ta fara yin shiru da yamma, 'yan matan sun daina gaɗa, tabarmar Gwaggo ta koma ƙarƙashin rumfa. Na lura sarai, sai in ɗaga kai in kalli dutse. Wata Asabar da hantsi ɗan kwangilar ya zo da wani Alhaji da ke son a yi masa irin nawa, da wani mai kyamara. Daɗi ya kama ni, wai abin da na zana da hannuna har ana zuwa gani. Ni na shige gaba na hau da su, maza uku, ba kira, ba aike. A makon nan matar Malam tana cikin jego. An kewaye mata wurin wanka da zana a gefen tsakar gida, zana kuwa gefe take tarewa, ba ta tare sama. Gwaggo ce take tsoma ganye a ruwan zafi tana fyaɗa mata. Tururi ya taso, ihun matar ya biyo bayansa. Alhajin ya juya yana salati, ya sauka da sauri har yana tuntuɓe, ko sallama bai yi mini ba. Mai kyamarar ya rufe fuska da hularsa. Ni kuwa na daskare riƙe da ƙarfen nan mai ado, ina gani Gwaggo ta ware mayafinta ta rufe surukarta, ta juya mini baya.

Malam bai aiko da faɗa ba, bai kai ƙara wurin mai unguwa ba. Da ya yi haka da ya fi mini sauƙi. Bayan kwana uku na ji muryar dattijon magini daga ɗaya gefen, sau uku, yana cewa mata su kimtsa, namiji zai hau. Wannan karon da mu ake. Da yamma ya zagayo ta zaure ya durƙusa bakin ƙofar Inna, ya ce Malam ya sa shi ya ɗaga katangar har ta wuce rumfar sama, ga shi shamuwa ta iso, dole ya gaggauta kafin ruwa. Sannan ya ce akwai maganar da ta fi wannan nauyi a bakinsa. Katanga mai irin wannan tsayi sai an ƙara mata kauri tun daga tushe, kuma ba ta tsayuwa a kan rami. In ya bar 'yar ƙofar, damina ɗaya za ta tsage daga nan ta faɗo kan mutane. Na yi wuf na ce a gaya wa Malam ba namijin da zai sake hawa, kuma zan sa a toshe gefen yamma da kwano. Ya ce an yi wannan maganar, Malam ya ce ba ya riƙe da ni a rai, amma ba zai jingina suturar iyalinsa a kan alkawari ba, wata rana zan yi aure in tafi, kwano kuwa ƙusa huɗu ce. Sannan ya sunkuyar da kai ya yi shiru, bai tashi ba. Na san abin da yake jira. Kalma ɗaya ce za ta tsayar da aikin, in ce a sauke barandar gaba ɗaya. Na ji kalmar a kan harshena, na tuna balbelun nan, na ce a raina wataƙila katangar ba za ta kai har can ba. Ban faɗa ba. Inna ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, dattijon ya ɗauki sandarsa.

Ana gobe za a toshe 'yar ƙofar, Gwaggo ta sunkuyo da kaya niƙi-niƙi, rariya da muciya da wata ƙaramar tukunya, wai ta dawo da aro. Inna ta ce rariyar ba tata ba ce. Gwaggo ta rantse tata ce, tun sunan yayana ta are ta. Inna ta ce ashe sarkin aro yana da kunya, sai dai takan yi shekara talatin a hanya. Gwaggo ta ce ita dai ba ta taɓa ganin amarya marar godiya irin wannan ba. Suka yi ta musu har rana ta yi ja, babu wadda ta ambaci katanga. Kafin ta tafi ta zauna ta saka wa Inna zare a allura goma sha biyu, ta soke su a jere jikin matashi, ta ce su ishe ta kafin ta zagayo. Ta dafa kaina ta ce in riƙa yafa mayafi in zan hau, iskar yamma ba ta da kyau ga budurwa. Sannan ta sunkuya, asabarin ya koma wurinsa.

Kullum katangar tana ƙaruwa. Daga sama na ga tubali ya cinye gidan su Gwaggo, ya cinye rimi, ya cinye gindin Kufena. Wata yamma kan dutsen kaɗai ya rage yana leƙe, washegari babu shi. Jan bango ne kawai a gabana, kusa har ina taɓa shi ta tsakanin ƙarfen. Abin da magini ya so ya gina mini tun farko ke nan, sai dai nasa da tagogi, kuma da 'yar ƙofar tana nan. Inna ta ci gaba da shimfiɗa tabarmarta inda ta saba, tana fuskantar wurin da sabon yaɓe ya fi duhu. Murya ba ta ƙetarawa, balle ga kunnen Gwaggo, sai suka samo dabara. Bayan la'asar Inna takan buga taɓarya a turmi sau uku, Gwaggo ta ji dukan a ƙasa ta tafin ƙafarta, ta amsa da uku. Sau biyu Gwaggo ta zagayo ta waje tana dogara sanda, ta iso tana haki, ta koma ta kwanta jinyar ƙafa. Da ruwa ya sauka lungunan suka zama taɓo, zuwan ya yanke. Alluran nan goma sha biyu suka ƙare. Na saka wa Inna wasu, ta karɓa ta gode, amma na lura ta daina ɗinkin. Sai a lokacin na kira kafinta ya fara ɓamɓare katakon. Yayana ya zo ya ga Malam, Malam ya ce in ruwa ya ɗauke za a rage katangar a buɗe ƙofar, don ba a taɓa ginin ƙasa da damina. Na shiga duban sama kullum, ina roƙon kaka ta zo.

Wata Laraba cikin marka Inna ta buga uku ba a amsa ba. Ta sake bugawa, ta ce wataƙila barci ne ya sace ta. Washegari da hantsi muka ji wani sauti ta cikin bango, can ƙasa-ƙasa, kamar kukan kurciyoyi masu yawa. Inna ta ajiye kokon da take sha ta ce in miƙo mata mayafi. Kafin mu fita wata maƙwabciyarsu ta iso da saƙon Malam, cewa Gwaggo ta cika, kuma Inna ake jira, don ya san alkawarin da ke tsakaninsu. Muka kama hanya tana rataye a kafaɗata. Kududdufi ya cika ya shanye hanya, sai da muka ƙara zagaye. Duk dakalin da muka tarar sai ta zauna, ta miƙe tun numfashinta bai dawo ba. Takalminta ɗaya ya maƙale a taɓo ta bar shi nan. Hadari kuwa yana haɗowa daga gabas baƙi ƙirin. Daga baya aka gaya mana sun jira iya jira, har masu haƙa suka aiko cewa in ruwan nan ya sauka kabarin zai cika, dole aka sa wata ta yi wankan. Muna shan kwanar lungunsu makara tana fitowa daga zaure. Inna ta jingina da bango, ƙafa ɗaya ba takalmi, ta bi ta da ido har mazan suka ɓace. Ba ta ce da ni komai ba, a ranar ko bayanta. Abin da kawai na ji ta faɗa, kuma ba da ni take ba, shi ne a da taku bakwai ne.

Da rani ya zo Malam ya aiko cewa a shirye yake a buɗe ƙofar. Inna ta ce a gode masa, a bar ta haka. Ginshiƙai huɗun suna nan har yau a tsakar gidanmu, igiyar shanya aka ɗaura musu. Littafin nan mai baƙin bango yana ƙasan akwatina, ban ƙara masa ko baiti ɗaya ba. Abin da na koya, na koya shi a makare: a birni irin namu har sararin da ke saman gida rabon maƙwabta ne, kuma kiran da magini yake yi kafin ya hau tsani ya fi duk abin da na karanta a kan zaman tare. Ina roƙon 'yan uwana da suka yi karatu, masu marmarin ɗora bene ko baranda a gidajen gado, kafin a kafa diga ku zagaya ku yi sallama a gidan da ke bayanku, ku tsaya a tsakar gidansu ku ɗaga kai. Ɗan kwangila abin da kuka ce zai yi, ya kwashe kayansa ya tafi, ku ne za ku zauna da mutanen. In tsohuwa ta gaya muku magana cikin wasa, ku nemi abin da ke ƙarƙashin wasan. In kuma an yi shiru ana jiran kalma ɗaya daga bakinku, ku faɗe ta a ranar, kada ku bar ta sai bayan damina. Allah ya ji ƙan Gwaggo, ya yafe mini. Dutsen da na ƙwallafa wa rai yana nan tun kafin a haife ni, jiya ma na wuce shi a mota ko motsi bai yi ba. Gwaggo kuwa damina ɗaya ce ta rage mata, ita ma na raba ta da Inna.